Jakin Bana

Kafinta ya gyara gemun audugarsa, ya leƙa ta ɓular labule. Coci ya cika maƙil, har da waɗanda sai ranar Kirsimeti suke tuna hanya. Ya bi kujeru layi-layi da ido. 'Yarsa ba ta zo ba.

Tun da ta auri direban da ya ce bai yarda ba, ya rantse kada ta sake taka masa ƙofa. Ita kuwa ta kwashe taurin kan ubanta kaf, ba ta sake takawa ba. Duk wanda ya tambaya, cewa yake ya manta da ita. Ƙarya yake yi, kewarta ta gama cinye shi.

Mutum ɗaya yake gaya wa gaskiya: mai gadin cocin. Kowace shekara Kafinta ne Yusufu a wasan haihuwar Yesu, mai gadi kuma jaki, a lulluɓe da tsohon bargo da kan kwali. Mai gadi kurma ne, ko ganga aka buga masa a kunne ba ya juyowa. Don haka kafin a ja labule Kafinta yakan zazzage wa jakin abin da ke cikinsa, ya ji sanyi. Ya fi masa zuwa wurin Fasto, don Fasto yana ji, kuma yana da mata.

Bana matar Kafinta ce ta sa wa jakin kaya, ta jawo shi har gaban mijinta, ta miƙa masa igiya ta wuce. Ko warin tabar da mai gadi ya saba yi, jakin bai yi.

A gaban labule Fasto yana ta jan wa'azi kan salama da bege. A bayan labule mala'iku biyu suna dambe kan fiffike ɗaya, Maryamu kuma tana neman filon cikinta.

Kafinta ya dafa wuyan jakin.

"Kai dai ka huta, abokina. Salama, salama! Ni ina na gan ta? Yarinyar nan ko gaisuwa. Gadon jariri na ƙera mata, yana bayan shago na rufe da buhu, kada uwarta ta gani ta yi mini dariya. Direban ma ba shi da laifi, kunnuwansa ne dai ban so. Da za ta shigo yanzu, ni zan fara durƙusawa. Amma in kira ta? Ni?"

Jakin ya fara jijjiga a cikin bargo. Kafinta ya ƙwanƙwasa kan kwalin.

"Tarin ne kuma? Tsufa ya kama mu."

Ya share ido da gemun auduga. Aka ja labule, aka goce da tafi. Ya finciki igiya da ƙarfi ya fito da taƙama, jakin yana tangaɗi a bayansa.

A layin gaba matarsa na zaune tana murmushi. Kusa da ita kuwa ga mai gadi cikin sabuwar riga, ya fi kowa tafi.

Kafinta ya ja ya tsaya, ya ƙanƙame igiya. Sai ga wata murya daga cikin kwali, rabi kuka rabi dariya:

"Baba, sassauta mana, shaƙe ni za ka yi."