Baƙon da Ya Sauka Gidan Makaɗa

Ka ce garau kake jin jikinka, don haka ka ajiye maganin. To zauna, ɗana, shekara talatin na yi ina aikin jinya, ba yau na fara jin wannan zancen ba. An yi wani gari na manoma da ba su da ganuwa, makaɗa ne tsaronsu. In wuta ta kama a daji lokacin kaka, ko birai suka faɗa gonaki, makaɗi ya hau tudu ya buga gangami, kowa ya fito da tulu da sanda. Al'adar makaɗan kuwa, duk wanda ya yi sallama da gaisuwar makaɗa, ba a tambayarsa daga ina yake, shimfiɗa kawai ake yi masa. Ran nan sai ga wani baƙo, ba ganga, ba guzuri, sai wani take guda da ya haddace. Ya wuce gidan maƙeri, ya wuce na mahauci, bai tsaya ba sai ƙofar makaɗi, don gaisuwarsu kaɗai ya iya. Da aka saukar da shi, ya ari gangar mai gida ya cusa takensa a tsakiyar kiɗan da mutumin ya gada wurin kakanninsa, har ba a gane inda na gado ya ƙare, na baƙo ya fara. Tun daga ranar, in makaɗin nan ya ɗauki ganga, taken baƙo ne ke fita, ya yi ta bugawa har fatar ta fashe. 'Yan'uwansa makaɗa suka zo duba lafiya, kowa ya koma gida da taken a hannunsa, shi ma ya buga wa wasu.

Shekaru suka wuce gari na zaune lafiya, ana noma ana biki, ba wanda ya lura gangunan na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sai wata kaka, dawa na jibge a gona, 'yar wuta ta tashi a gefen rafi, irin wadda da tulu biyar ke kashewa. Wani manomi ya hango hayaƙin, ya tsaya ya kasa kunne yana jiran kiɗan da ya sani tun yana goye. Shiru. Mutanen na nan, tulunan na nan, mai kiransu ne babu. Bayan wutar ta cinye komai, manomin nan kullum da hantsi sai ya je gindin tudun ya zauna, ko Allah zai sa ya sake jin gangamin sau ɗaya.

Haka ƙwayar ƙanjamau take. Ba ta iya haihuwa da kanta. Ƙwayoyin jinin da ke kiran sauran sojojin jiki su take nema, ta shige cikinsu, ta haɗe umarninta da nasu, su yi ta ƙera irinta har su mutu. Maganin da ka jefa a aljihun mota ba ya korar baƙon, hannunsa yake riƙewa, gangunan da suka rage su tsira. Ƙanena bai riski zuwan maganin nan ba. Ƙato ne, buhun gero yake saɓawa yana yi mini tsiya, amma tari ne ya kwantar da shi, kuma wallahi har yau in na ji an yi dariya irin tasa a layi sai na leƙa. Lafiya lau yake ji shi ma, shekara bakwai, alhali masu tsaron nasa ne ke yi wa cutar aiki. Tashi ka ɗauko maganin ka sha a gabana. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da ɗan gari akan ci gari.