Rufin Mai Kwano

Ana saura wata guda damina ta faɗi, Mai Kwano ya hau kan ɗakinsa da guduma ya fara zare ƙusoshi.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Shi ne mutum na farko a ƙauyen da ya yi rufin kwano, shekarar da gona ta yi masa kirki har ya sayar da rara. Daga baya gonar ta gaji, shanun huɗa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, rumbu ya koma wurin kwanan kaji. Kwanon ne kaɗai ya rage yana ƙyalli a rana, yana faɗa wa duk mai wucewa ƙaryar da ta daɗe da ƙarewa.

Bara ƙungiyar agajin manoma ta raba awaki ga gidajen da suka fi talauci. Da aka zo ƙofarsa, jami'ar ƙungiyar ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta gaishe shi cikin ladabi, ta wuce. Da rani ya yi, babban ɗansa ya tafi birni neman aikin lebura. Bana na biyun ma ya fara tambayar kuɗin mota, kuma in ya tafi, babu mai riƙe masa fartanya.

Sai ga jami'ar ta dawo zagayen share fage. Wannan karon ba ta leƙa rumbu ba, ba ta ƙirga tumaki ba. Sama kawai take kallo. Ta auna tsawon rufinsa da igiyar awo, ta tambayi matarsa nisan rijiya, ta tsaya tana duban fegin da ke bayan gida inda babu komai sai busasshiyar ƙasa. Mai Kwano ya ja direbanta gefe ya miƙa masa ruwan sanyi.

"Bana me ake dubawa?"

"Rufi," in ji direba. "Rufi kawai, Baba."

Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Shi mutum ne mai saurin ganewa, kuma ya san da hakan.

Matarsa ta tsaya a tsakar gida, tulu a kai, tana kallon yadda sama ke buɗewa a kan gadonta.

"Maigida, wai lafiyarka ƙalau kuwa? Mutane na neman kwano, kai kana kware naka?"

"Ke dai ki iya bakinki. Talaucin da ba a gani, ba a biyansa."

Matsalar ita ce inda za a ɓoye kwanon. A ɗaki za a gani, a gona za a sace. Ya kwana biyu yana juya abin, sai dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Ba wanda ke neman ɓoyayyen kwano a kan rufi.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da matar marigayi ƙaninsa. 'Ya'yanta ƙanana ne, jinkarta ta ruɓe, in ana ruwa a tsaye suke kwana. In za a jera matalautan ƙauyen, ita ce a gaba, shi a bayanta. In kuwa kwano ya hau ɗakinta, layin ya ragu da mutum ɗaya. In an gama rabo, zai je ya kwaso kayansa.

Ya kira kafinta, aka ɗora mata kwanon da katakonsa. Shi kuma ya sayi ciyawa ya yi wa kansa jinka, ya zaɓi tsohuwa wadda ta yi baƙi.

Matar ƙanin nasa ta zo ta durƙusa tana hawaye. "Yaya, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Haba, ai yi wa kai ne," in ji shi, kuma a ransa ya san bai yi ƙarya ba.

Kafinta bai iya riƙe magana ba. Kafin mako ya zagayo, labari ya cika ƙauye. Dattawa suna tare shi a hanya suna sa masa albarka. Waɗanda suka yi shekaru suna ce masa marowaci suka fara gaishe shi da hannu biyu. Ya karɓi yabon da sunkuyar da kai irin na masu kunya.

Ranar tantancewa jami'ar ta tsaya tsakanin gidajen biyu, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Baba, ba a ɗakinka na auna kwanon nan ba?"

"A da ke nan, Malama." Ya ɗaga murya don jama'a su ji. "Yanzu nata ne, halak malak. Ga mai gari, ga kowa, ku shaida. Ni ko ƙusa ɗaya ba ni da ita a ciki."

"Ka tabbata?"

"Har ga Allah."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da bai taɓa samu daga ma'aikaci ba. Ya ɗauka tausayi ne, ya ƙara langaɓar da kai.

Ruwan farko ya same shi a ƙarƙashin jinka. Ta yi yoyo a wuri uku. Matarsa ta jera kwanoni a ƙasa, shi kuma yana jin ruwa na kaɗa ganga a kan kwanonsa a ƙetaren katanga, yana ba kansa haƙuri.

Ranar rabo ya saka tsohuwar rigarsa mai faci ya zauna a ƙofar gida. Babbar mota ta shigo a lulluɓe da tamfol. Ta rage gudu a gabansa, ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ta gota shi kaɗan ta tsaya.

Jami'ar ta sauko, ta taho wurinsa da kanta.

"Baba, na ba da labarinka a ofis, kowa ya jinjina maka. A da sunanka ne na farko, ka sani, don rufinka ya fi na kowa faɗi."

A bayanta leburori suna sauke ƙaton tanki, da indararo, da buhun irin kayan lambu, suna shiga da su gidan matar ƙaninsa.

"Ruwan sama za mu tara wa mutane su yi lambu da rani," in ji ta, "kuma ka san ba a kafa indararo a jikin jinka."