Inda Motar Ke Sakin Gudu

Karo na uku ke nan wani tsoho yana kawo motarsa gareji, wai na'urar da ke riƙe mata gudu takan saki da kanta a hanyar Iskandariya. Bakaniken ya jona kwamfuta, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba.

"Alhaji, motar nan ta fi ni lafiya. Mu hau hanya ta yi a gabana."

"Za ta yi kuwa, ta ba ka kunya," in ji tsohon.

Suka bar Alƙahira bayan azahar. Tsohon ya danna maɓalli, motar ta riƙe gudunta lami lafiya. Bakaniken ya zuba wa ƙafafunsa ido, domin ya san ko shafar birki aka yi, na'urar za ta saki. Suna dosar wata rumfar shayi, sai ƙafar dama ta matsa a hankali ta taɓa birki.

"Ka gani ko! Kullum a nan take yi."

"Alhaji, me ke wurin nan?"

Tsohon ya dubi rumfar. "Matata Hajiya ba ta wuce nan sai ta sha shayi da na'ana'a. Shekara talatin muna tsayawa. Bara ta rasu."

Bakaniken ya haɗiye bayanin da ya shirya. "Tsaya mu sha, Alhaji."

Tsohon ya gangara gefen titi, ya sauke gilashi, ya ɗaga wa mai shayi yatsu uku, alhali su biyu ne a motar.