Bangon da Ya Bushe Kafin a Yi Masa Zane

Malama Kubura, na ji ƙarar da kika kawo, kuma ban musa ba. Jikata Hansatu ta ciji 'yar mutane a hannu har sawun haƙori ya fito, ni da kaina na je gidansu na ba da haƙuri. Abin da ya hana ni tashi daga bencin nan shi ne maganar da kika yi daga baya. Kin ce zaman da kike yi da 'yan aji biyu kowace safiya, ki tara su a tabarma ki tambayi kowa abin da ke ransa, ki koya musu yadda ake cewa "na ji haushi" ba tare da an kai hannu ba, za ki ajiye shi sai bayan jarrabawa, don an bar su a baya a lissafi.

Ni a aji huɗu na tsaya, ba ni da bakin koya miki aikinki. Amma yarinyar nan tun daga yaye a hannun kakarta take, mai ɗakina, kuma wata uku ke nan da muka kai ta makwancinta. A ranar, Hansatu ba ta yi kuka ba, har yau ba ta yi ba. Da takan tare ni a zaure ta ce, "Tsoho mijina, yau ma cefanen ba nama? Zan yi yaji fa!" Yanzu sai ta karɓi ledar ta wuce. A tabarmarki kaɗai aka ce ta taɓa buɗe baki, ta gaya wa yara cewa zanen kakarta har yanzu yana ƙanshin hayaƙin murhu. Ki ara mini kunnenki in ba ki misali da aikin ƙasa, shi na sani.

An yi wani magini, gwani ne, duk soron da ya yi kyau a garinsu hannunsa ne. Wata shekara ya tashi gina wa matarsa ɗaki. Ya jera tubali, bango ya tashi, ya kwaɓa ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ya yi yaɓe sumul. Matar ta fito da ruwan sha a ƙwarya, ta tsaya tana kallo, ta ce abu ɗaya take so, ya yi mata zane a saman ƙofa irin wanda yake yi wa mutane, ko da dagi ɗaya ne. Shi kuwa zane da yatsa ake yin sa, yaɓe yana ɗanye, kafin rana ta sha ruwansa. Maginin ya san haka fiye da kowa. Amma ya ɗaga kai ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga azara ba a ɗora ba, ya ce ta bari a gama rufi tukuna, ado ba ya tare ruwa. Ta yi dariya ta ce, "Gidan kowa da kwalliya, na magini kamar bayan rumbu." Ya ɗora azara, ya yi rufi, ya sa indararo. Ɗaki bai taɓa yoyo ba. Da ya waiwayi saman ƙofa, ƙasa ta riga ta bushe ƙamas. Ya ce baɗi in za a sake yaɓe. Baɗi ta zo aikin mutane ya yi yawa. Ita kuma ba ta ƙara tambaya ba, sai dai wani lokaci in tana tankaɗe a bakin ƙofa takan ɗaga kai ta dubi wurin, ta ci gaba da aikinta.

Bayan ta rasu, wata safiya ya ɗauko tsani da bokitin ruwa. Ya yayyafa wa bangon ruwa, ruwan ya gangare bai shiga ba. Ya sa yatsa, ko alama. Ya ɗauko ƙusa ya karta, ƙasa ta dinga ɓantarewa tana zuba masa a fuska, abin da ya fito ya fi kama da rauni. Ya kwaɓa sabuwar ƙasa ya shafa a kan tsohuwar, ya zana daginsa, ya yi kyau. Ruwan farko da aka yi, sabon yaɓen ya saki ya faɗo gaba ɗaya, don bai kama jikin tsohon ba. Ɗakin yana nan, da ƙarfinsa. Maginin yakan zauna a inuwarsa da la'asar, ya juya wa ƙofar baya.

Ba sai na gaya miki sunansa ba, Malama.

Lissafi rufi ne, ban raina shi ba. Amma ko da furfura ana koyonsa, ni da gemuna na koyi rubuta lambar waya a ajin manya. Zuciyar 'yar shekara bakwai kuwa yanzu take ɗanya, kuma ina ganin ta Hansatu tana shan iska kullum a gabana. Ni ban iya tambayarta ba. Ke kin iya. Ki bar musu tabarmar nan ko na minti goma ne, gobe da jibi, kada ki jira wani zango. Magabata sun riga mu faɗa: tun ran gini, tun ran zane.