Akwatin Iya Tambai

Shekara tara ke nan da ruwa ya cinye garin Gwarjo. Ranar tashi, ƙunshi ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka. Sauran kaya a akwatin ƙarfe aka binne, ma'aikata suka sa lambar wurin a waya. Yanzu sana'ar Tanimu ke nan, nutso yana tono wa mutane.

Yau ya ɗauko Iya Tambai, ya ɗaure kwalekwalensa a jikin hasumiyar masallaci, ya nutsa sau huɗu inda wayar ta nuna. Laka kawai. Ya fito kunnuwansa na zogi.

"Iya, na gaji. Babu komai."

Iya Tambai, wadda hoton marigayiyar 'yarta ke cikin akwatin, ta ce, "Me ka taɓo a ƙasan?"

"Dakali da bakin ƙofa."

"Zaure ne, ɗan nan. Ma'aikatan maza ne, nan suka tsaya suka rubuta. Ka wuce ciki, ɗakina ne na hagu."

Tanimu ya dube ta. Bai taɓa wuce zauren wani babu izini ba.

"In shiga, Iya?"

Ta daɗe tana duban ruwan.

"Shiga. Babu kowa."