Koren Kifin Roba

Ina da shekara tara, wata Juma'a bayan la'asar, Baba ya kai ni tafkin da ke bayan unguwar Shifa don ya koya mini fatsa. Mutumin Yawuri ne da tuƙin mota ya kawo Riyad, kuma ya raina tsutsa tun da ya sayi wani koren kifin roba mai ƙugiya a ciki.

Ya ce, "Ki wurga nesa, ki riƙa ja a hankali."

Na wurga da dukan ƙarfina. Kamuna na farko a duniya shi ne babban yatsan mahaifina.

Na ce, "Baba, mu je asibiti."

"Da wace iƙama? Takardar zamana a ƙasar nan ta mutu tun azumi. Miƙo filaya, uwata."

Ya ce ƙugiya tana da haƙori, ba ta fita ta baya. Ya yi bismilla, ya tura ta har tsinin ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya datse shi da filayar, ya zare sauran. Har yau ba jinin ne ke girgiza ni ba, sai gano cewa akwai ƙofar da Baba yake tsoro.

Ya naɗe yatsan da hankici, ya ce, "Sake wurgawa. Amma bari in koma bayan mota."