Murni Tsakanin Gida Biyu

Murni tana da wata takwas aka danƙa ta a hannun Warsiti. Mahaifiyarta, Tumirah, mijinta ya rasu a teku, gida babu ko shinkafar ɗorawa, sai ta tafi aikatau ƙasar waje ta bar wa maƙwabciyarta jaririyar. Warsiti ba ta taɓa haihuwa ba. Da yarinyar rataye a ƙirjinta take suyar ayaba a bakin kasuwar ƙauyensu da ke tsibirin Jawa. Ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta sa ta makaranta.

Murni na da shekara goma sha huɗu Tumirah ta dawo, ta gina gida a ƙetaren gada, ta ce a ba ta 'yarta. Aka yi ta tashin hankali har mai unguwa ya shiga tsakani. Ya ce yarinya ta riƙa zama nan tana zama can, iyayen biyu kuma su riƙa tuntuɓar juna. Suka ce to, amma ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Duk ranar da Murni ta dawo, Warsiti sai ta tsare ta.

"Me ta ba ki kika ci? Taliyar leda ko? Wadda ta tafi ta bar ki cikin zanin fitsari, yau ita ce uwa!"

"Inna, can ma haka Mama take cewa, wai kin mai da ni 'yar suya. Don Allah ki kira ta ku yi magana. Na gaji."

"Ni in kira ta? Ai ta san hanyar gidan nan ranar da ta kawo ki."

Murni ta daina magana, kullum tana ƙuryar ɗaki da waya. Warsiti ta lura, ta ce laifin Tumirah ne da ta saya mata wayar. Tumirah kuma ta sha ganin wata mata tana sauke yarinyar a babur, ta ɗauka dangin Warsiti ce, ba ta tambaya ba.

Da aka yi hutun makaranta, Murni ta haɗa jaka, ta sumbaci hannun Warsiti, ta ce za ta yi hutu wajen Mama. Kwanaki suka wuce, wayarta a kashe. Warsiti ta ce a ranta, matar nan ce ta hana ta kira. Sau da yawa takan tsaya ta kalli gadar, girman kai ya mai da ita gida.

Sai da aka haura mako biyu suka yi kiciɓis a kasuwa, Warsiti na suya Tumirah ta zo wucewa.

"Baiwar Allah, hutu ya ƙare, sai ki sako min 'yata."

Tumirah ta juyo. "Wace 'yar? Ba cewa ta yi kin hana ta zuwa bana ba?"

Matsamin da ke hannun Warsiti ya faɗa cikin mai.

A ofishin 'yan sanda wata ƙawar Murni ta faɗi gaskiya. Matar nan mai babur ce ta yi wa Murni alkawarin aiki a gidan abinci a ƙetaren teku, inda ba wanda zai riƙa zagin uwarta a kunnenta. Ɗan sandan ya ce da sun zo da wuri, da wataƙila an tare su a tashar jirgin ruwa. Yanzu kam sawu ya ɓace.

Damina biyu ke nan. Warsiti ta rame, ta bar suya. Kowane wata ita da Tumirah suna hawa mota ɗaya zuwa birni, su zauna kan benci ɗaya riƙe da hoto ɗaya, a ce musu babu labari, su dawo.

Jama'a, ɗan riƙo ba kayan gado ba ne da za a ja. Mai riƙo da mahaifa, ku yi magana da juna, ku san inda yaro yake da wanda yake hulɗa da shi. Idan kuka bar giɓi tsakaninku, ta nan mugu zai shigo.